Kandaji, jirgin Doso, da ajin zana na bayan makarantarmu

A bayan makarantar da nake koyarwa akwai wani gini mai aji uku. Shekara huɗu ke nan da haƙa harsashinsa. Ranar da aka fara har makaɗa aka kira, yara suka jeru cikin rana suna tafi, wani babba daga gari ya ɗebi siminti da cokalin magina ya shafa a kan bulo na farko. Bango ya tashi har ya kai inda ake aza katakon rufi, daga nan magina suka kwashe kayansu. Wasu sun ce ɗan kwangilar bai samu kashi na biyu na kuɗinsa ba, wasu sun ce ya samu. Yau awaki ke kwana a ciki, ƙofofin ƙarfen da aka kawo suna jingine a ofishin darakta sun fara tsatsa, ni kuwa da ɗalibaina na CM1 muna cikin rumfar zana, taku ashirin daga bangon.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin rashin sa'ar ƙauyenmu. Sai wata rana ina shirya darasi a kan kogin Kwara, na zo kan madatsar ruwa ta Kandaji, na tuna cewa tun ina ɗalibi a makarantar horar da malamai aka koya mana ita a matsayin aikin da ke tafe. Ga ni yau na haura shekara arba'in, furfura ta fara fitowa, ina shirin koya wa yara ita a matsayin aikin da ke tafe. A nan na gane cewa ciwon da ke damun gininmu mai aji uku shi ke damun manyan ayyukan ƙasa, kuɗin ne kawai suka bambanta. Ina so mu yi maganar nan tsakaninmu, malamai da uwaye, domin mu ne muke biya, ko da yake ba a taɓa miƙo mana takardar biyan a hannu ba.

Bari in fara da Kandajin, don ita ce uwa. Tana jihar Tillaberi, kimanin kilomita 180 daga Yamai ta wajen iyakar Mali. Tun zamanin Seyni Kunce ake zancenta. Abin da aka yi alkawari ba ƙarami ba ne: wutar lantarki megawat 130, noman rani a kan hekta 45,000, da riƙe ruwa don kada kogi ya ƙafe a gaban Yamai da bazara. Ranar 3 ga Agusta 2008 Shugaba Tanja Mamadu ya aza tubalin farko, kuma a lokacin ana maganar kuɗi kimanin miliyar 300 na sefa. An ba wani kamfanin Rasha aikin, ya fara a 2011, aka soke kwangilarsa a 2013 saboda aikin bai tafi ba. Shekaru suka wuce ana neman wanda zai ɗauka. A watan Maris 2019 Shugaba Isufu Mahamadu ya sake ƙaddamar da aikin, wannan karon da kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin, kuma lissafin shirin ya kai miliyar 740. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 masu ba da kuɗi suka rufe aljihunsu, kamfanin ya dakatar da aiki a watan Agusta na shekarar. Shugabanni biyar ke nan suka mulki ƙasar tun daga tubalin farko, Kandaji ba ta kunna ko ƙwai ɗaya ba.

Ku lissafa da ni irin lissafin malamin makaranta. Yaron da aka haifa ranar da Tanja ya aza wancan tubali ya shiga CI, ya gama firamare, ya shiga kwaleji, ya kai shekarun zama jarrabawar brebe. Duk karatun dare da ya yi, da tocila ya yi shi ko da hasken wayar babansa, in dai yana cikin mutum huɗu daga cikin biyar da wuta ba ta kai gidajensu ba a ƙasar nan. Shekarun nan ba a mayar wa yaro su. Ana iya ƙaro kuɗi a kammala madatsa a shekara ta ashirin, amma wanda ya faɗi jarrabawa ya koma gona ko ya tafi ci-rani ya riga ya tafi.

Kada wani ya ɗauka ina cikin masu cewa a bar manyan ayyuka a tsaya kan rijiya da aji. Wanda ya zauna Yamai ko Maraɗi a watan Agusta 2023, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take sayar mana, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da muke amfani da shi, ya san dalilin da ya sa muke buƙatar Kandaji. Tela ya zauna, mai walda ya zauna, mai ƙanƙara ya zauna, asibitoci suka koma kan janareto. Da madatsar ta kammala a lokacin da aka faɗa tun farko, da wahalar ba ta kai haka ba. Ƙorafina a kan yadda muke fara ayyukan ne, da yadda muke yin shiru idan sun tsaya.

In ka tambayi mutum a tasha ko a majalisar shayi me ya sa ayyuka ke tsayawa, amsa ɗaya zai ba ka: an cinye kuɗin. Ba na musun cewa ana ci. Amma wannan amsa ta yi sauƙi da yawa, kuma tana sa mu naɗe hannu, tunda ɓarawon da ba ka gani ba ba ka da yadda za ka yi da shi. Akwai dalilan da suke a fili, waɗanda kowa zai iya gani tun ranar biki, kuma su ne suka fi yawa.

Na farko shi ne muna aza tubali kafin mu gama shiri. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa sai mun kama hanya muke tuna ba mu shuka duman ba. Dubi layin dogo na Yamai zuwa Doso. An ƙaddamar da shi a watan Afrilu 2014, kamfanin Bolloré na Faransa ya shiga shimfiɗa ƙarafa, alhali yarjejeniyar da ta ba shi ikon aikin sai a watan Agusta 2015 aka sa mata hannu. A ɓangaren Benin kuma akwai kamfanin Petrolin da ke cewa shi aka riga aka ba wannan layi, kuma a ƙarshen 2015 kotu a Kwatano ta ba shi gaskiya. Duk da haka aka yi bikin buɗe kilomita kusan 140 a ƙarshen Janairu 2016, makonni kaɗan kafin zaɓen shugaban ƙasa na watan Fabrairu. Amfanin layin duka yana ga haɗuwarsa da Paraku, inda jirgin Kwatano yake tsayawa, don kaya su taso daga tashar ruwa su iso mana da sauƙi. Ba a haɗa ba. Layin dogon da bai haɗu da komai ba kuwa ƙarfe ne kawai a kwance cikin rairayi. Duk wanda ya bi hanyar Doso ya gan shi a gefen kwalta, ba fasinja, ba kaya.

Haka mutanen Tawa za su ba ka labarin Salkadamna, inda aka aza tubalin tashar wutar gawayi a 2014, ana maganar megawat 600. Fiye da shekara goma ke nan. Mu kuma a nan Maraɗi muna sauraron jirgin Kano, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a watan Fabrairu 2021, kilomita 284 ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, a kan kusan dala biliyan 2, da alkawarin shekara uku. Aiki ne na Nijeriya da kuɗin Nijeriya, ana kuma yin sa, amma shekara ukun sun wuce ba mu ji kukan jirgi ba.

Tubalin farko abu ne mai araha. Buhun siminti ɗaya, rumfa, kujeru, ƴan jarida. Yana ba shugaba duk ladan aikin tun ranar farko, wahalar kammalawa kuwa ta faɗa kan wanda zai gaje shi. Mu ma muna da laifi a nan, don mu ne masu tafi. Sau nawa aka fitar da ɗalibanmu daga aji aka jera su bakin hanya don tarbar masu aza tubali? Ban tuna ranar da aka fitar da su don a je a tambayi inda aikin bara ya kwana ba.

Na biyu shi ne ƙaramin farashin da ake faɗa da farko. Mai son a amince da aikinsa ba ya kawo lissafi mai tsoratarwa. Mai neman kwangila shi ma ya san wanda ya fi araha ake ba, sai ya rage, da niyyar idan an shiga ruwa tsundum ya dawo ya ce ƙasa ta fi tauri, ƙarfe ya hau, a ƙara masa. A lokacin an riga an kashe rabi, ba mai iya cewa a fasa. Araha ba ta ado. Wannan ba halin Afirka kaɗai ba ne. Wasu masana na jami'ar Oxford, cikinsu har da Bent Flyvbjerg, sun fitar da bincike a 2014 a kan manyan madatsun ruwa 245 a ƙasashe 65, suka samu cewa a matsakaici kuɗin da aka kashe ya kusan ninka abin da aka faɗa, lokacin kuma ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Filin jirgin saman Berlin da aka ce za a buɗe a 2011 sai a watan Oktoba 2020 aka buɗe shi. Faransa ta fara gina sabon injin nukiliya a Flamanville a 2007 a kan yuro biliyan 3.3 da nufin gamawa a 2012, sai a Disamba 2024 ya fara ba da wuta, bayan ya ci fiye da biliyan 13.

Na taɓa jin wani ma'aikaci yana kawo irin waɗannan misalai don ya wanke magabata: in Jamus ma ta makara, wane ne Nijar? Ni dai akasin haka na fahimta. In har an san cewa madatsar ruwa kan ci ninkin abin da aka faɗa, to wanda ya zo mana da lissafin farko ba tare da ya ware kuɗin ko-ta-kwana ba, ko dai bai yi karatunsa ba, ko ya yi ya ɓoye. Sannan Bajamushe da filin jirginsa ya makara yana da wasu filayen, yana da wuta, ɗansa yana cikin aji mai rufi. Mu namu jinkirin a kan bashi yake, kuma babu na biyu da za mu jingina da shi. Wani bambancin kuma, a can an san adadin. Majalisa ta kafa kwamitin bincike, jaridu sun buga, kowa ya san nawa aka ce, nawa aka kashe. A nan ka tambayi malamin lise nawa aka kashe a Kandaji zuwa yau, ka ga in zai iya ba ka amsa.

Na uku, kuɗin ba namu ba ne, kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Kandaji ta dogara da masu ba da rance da yawa, Bankin Duniya, Bankin Raya Afirka, Bankin Musulunci da wasu. Kowanne da sharuɗɗansa, da takardunsa, da lokacinsa. Wannan ya ɗauki ginin, wancan ya ɗauki injinan wuta, wani ya ɗauki hanya, ita kuma gwamnati ta ɗauki nata kason daga baitulmali. In ɗaya ya makara, sauran su jira. Ga kuma batun mutanen da ruwa zai tasa, dubun dubatar mutane na yankin Ayoru da kewaye, waɗanda dole a gina musu sabbin garuruwa, a ba su gonaki, a biya su diyya kafin a tare ruwa. Wannan aiki ne da ya kai ginin kansa wuya, kuma haƙƙi ne, ba alfarma ba. Ka yi tunanin magidancin da aka faɗa wa tun shekaru goma sha da suka wuce cewa gidansa zai nutse. Ba zai yi sabon ɗaki ba, ba zai dasa mangwaro ba, hukuma ma ba za ta gina masa sabuwar makaranta a wurin da za a tashi ba. Yana zaune a kan jira. Daga baya kuma rashin tsaro ya shigo yankin, ya ƙara wa aikin tsada da haɗari. Da an gama da wuri, da madatsar ta riga matsalar zuwa.

Akwai abin da ya kamata mu lura da shi, ko da ba zai yi mana daɗi ba. A ƙasar nan an yi manyan ayyukan da ba su kwana a hanya ba. Bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, kusan kilomita 2,000, an ƙaddamar da shi a watan Satumba 2019, jirgin ruwa na farko ya yi lodi a watan Mayu 2024, duk da annobar korona da ta ratsa tsakani. Matatar mai ta Damagaram an fara ta a 2008, aka buɗe a watan Nuwamba 2011. Me ya bambanta su da Kandaji? Mai kuɗin ɗaya ne, shi ne kuma mai aikin, kuma duk ranar da aka makara aljihunsa ne ke zuba. A Kandaji, in aka makara shekara, wa ke asara? Ministan yana karɓar albashinsa, masanin da aka ɗauko daga waje ana sabunta masa kwangila, banki yana lissafa ruwansa. Manomin Tillaberi da ɗalibin Tasawa su ne masu asarar, su kuwa ba sa zama a teburin da ake yanke shawara.

Sai dai ita ma matatar tana da nata darasin. An yi ta a kan lokaci, amma farashin da aka fara faɗa, dala miliyan 600, ya koma miliyan 980, kuma Nijar tana da kashi 40 cikin ɗari na kamfanin, wato tana da kashi 40 na nauyin. Aikin da aka yi da sauri a bayan labule shi ma yana iya cin mutane.

To ina ruwan malami da uba da wannan duka? Ruwansu shi ne tukunya ɗaya ce. Jinkiri kansa kuɗi ne, ko da ba wanda ya saci dala. Na kan ba ɗalibai irin wannan lissafi: in farashin kaya yana hawa da kashi 5 cikin ɗari kowace shekara, aikin jikka 100 zai koma kusan jikka 163 bayan shekara goma. Ƙara da kuɗin kwashe injina a mayar da su, da gyaran abin da ruwa da rana suka ɓata, da sake nazarin da ya tsufa, da ruwan bashin da aka riga aka karɓa. Duk wannan daga baitulmali zai fito, yau ko gobe, baitulmalin da ake biyan ƴan kwantaragi daga cikinsa, ake sayen alli da littattafai, ake gina aji. Biyan bashi ba ya jira. Abin da ke jira shi ne ɗan abin da malamin ƙauye yake karɓa a ƙarshen wata, da kwanon rufin gininmu.

Tsakanin miliyar 300 da miliyar 740 akwai miliyar 440. Na san ba duka ne kuɗin jinkiri ba, an faɗaɗa shirin, an ƙara lissafin tayar da mutane, kuma rancen madatsa ba a juya shi a gina makaranta da shi. Amma don mu ji nauyin adadin a jikinmu, mu ƙaddara aji ɗaya na siminti yana cin miliyan 10. Miliyar 440 aji 44,000 ke nan. Azuzuwan zana da gwamnati da kanta ta ce muna da su a zamanin Shugaba Bazum 36,000 ne.

Wanda bai koyar a cikin zana ba bai san abin da wannan adadi yake nufi ba. Ana komawa makaranta a watan Oktoba, amma ba a samun kara sai an gama girbi, don haka ajin zana ba ya tsayuwa sai Nuwamba, wani wuri har Disamba. Ruwan farko na Mayu ko Yuni kuma ya tashe shi. Shekarar karatu ta wata tara ta koma wata shida ko bakwai, kuma jarrabawa ɗaya za a yi wa yaron da ɗan birni mai aji na siminti. Da hunturu ƙura ta rufe allo, iska ta kwashe takardu. Abin da malamin aji na kusa yake faɗa, kai da ɗalibanka kuna ji tamkar a kunnenku yake. Kowace shekara uwaye su sake tara kuɗi a sayi zana da itace, abin da in aka haɗa na shekara goma da ya yi nisa a ginin gaske. Sannan ga wuta. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu, yawancinsu ƴan ajin share fage. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekarar aka sake yi a nan Maraɗi, yara aƙalla 25. Allah ya jiƙansu, ya ba uwayensu haƙuri. Bayan ta Maraɗi gwamnati ta hana sa ƙananan yara na share fage a cikin zana. Na CI da na CP, waɗanda shekara ɗaya ko biyu kawai suka girme su, suna nan a ciki. Tun daga lokacin, duk ranar da na ga hayaƙin mai tuya a bakin makaranta sai na tashi na je na duba.

Ban ce jinkirin Kandaji ne ya kashe yaran nan ba, kada a ɗora mini abin da ban faɗa ba. Abin da na ce shi ne ƙasar da ta saba da aikin da ba ya ƙarewa a sama, za ta saba da shi a ƙasa. Ɗan kwangilar da ya bar mana bango ba rufi ya san babu abin da zai same shi, domin ya ga waɗanda suka fi shi sun bar abin da ya fi nasa, an kuma sake gayyatar su biki.

Abin da nake nema ba ya buƙatar rance daga kowane banki. Duk aikin da aka yi da kuɗin jama'a, daga madatsa har masai na makaranta, a kafa allo a gabansa da Faransanci da harshen mutanen wurin, a rubuta sunan mai aikin, da kuɗin, da ranar farawa, da ranar gamawa. Ana kafa irin waɗannan alluna a wasu wurare, na sani, amma da zarar wa'adi ya wuce sai allon ya ɓace ko rana ta cinye rubutun. A bar shi a wurin, in an ƙara wa'adi ko kuɗi a rubuta sabon a ƙarƙashin tsohon, kada a goge na farko. Manyan ayyuka kuma, duk wata uku hukumar da ke kula da su ta fito a rediyo, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, ta ce ga inda aka kai, ga abin da aka biya, ga abin da ya tsayar da mu. Kamfanin da aka soke wa kwangila don gazawa, a faɗi sunansa da na masu shi, kada ya canja suna ya dawo ta taga. Kuma kada a sake kiran makaɗa sai kuɗin aikin sun kammala a hannu, filin ya zama na hukuma, an biya masu gonaki. In ana son biki, a yi shi ranar miƙa mabuɗi.

Za a ce wa zai saurari malamin firamare a kan aikin miliyoyin miliyoyi. Wataƙila ba kowa. Amma akwai matakin da hannunmu yake kaiwa. Kowace makaranta tana da kwamitin COGES da ƙungiyar uwayen yara. Mun mayar da su wurin tara kuɗin zana da sasanta rigimar malami da uba, alhali suna da bakin da za su je ma'aikatar magajin gari su nemi a nuna musu takardar kwangilar ginin da aka yi a harabarsu. Uban da ya iya ciniki a kasuwar Maraɗi, wanda ba a cutarsa a kan buhun gero, ya iya gane ko simintin da aka zuba ya kai abin da aka rubuta. Ba ya tambaya ne kawai don an saba masa da cewa aikin gwamnati kyauta ne, wanda aka yi wa kyauta kuwa ba ya ƙorafi. Ba kyauta ba ne. Harajin da ya biya a kan mai da sukari da katin waya ne, da bashin da ɗansa zai biya.

Mu malamai kuma muna da allo da alli. A makarantar horar da malamai an koya mana cewa lissafi ya fi zama a kan yaro in an ɗauko shi daga abin da yake gani. Bana da na zo darasin kashi cikin ɗari, ban yi amfani da misalin ɗan kasuwa da rago na cikin littafi ba. Na fitar da yara muka auna bangon nan da igiya, muka ƙirga layukan bulo, muka kwatanta da ajin darakta da aka gama, suka fitar da kashi nawa na aikin aka yi, kashi nawa ya rage. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, Mushe, to kuɗin kashin da ya rage suna ina? Na ce mata ban sani ba, amma za mu tambaya.

Taron COGES na gaba yana nan bayan girbi, lokacin da za a zauna batun kuɗin zanar bana. Na riga na yi magana da shugaban uwayen yara da mutum biyu cikin dattawa. Mun shirya cewa kafin a tara ko dala, za mu rubuta takarda, mu sa hannu mu duka, mu kai ma'aikatar magajin gari da ofishin sufeto, mu nemi abu uku: nawa aka ware wa ginin, nawa aka biya, kuma wa ya sa hannu cewa an yi aikin da aka biya. Darakta ya ce in yi hankali, ni ma'aikaci ne, ana iya tura ni wani ƙauyen da ya fi wannan nisa. Na ce masa can ma ajin zana zan tarar. Zanar dai za mu saya, don yara ba za su zauna a rana suna jiran amsa ba.